Sa Hannun Hajiya Barikisu

Shekara bakwai ke nan da Saddique ya kwaso iyalinsa daga Damagaram zuwa Accra. Injiniyan lantarki ne a wani kamfanin sadarwa, kuma albashinsa mai kauri ne ƙwarai. Suna da gida a unguwar masu hali ta Cantonments da motoci biyu, 'yarsu Nasiha tana makarantar kuɗi. Amma duk shekara sai ya kwashi fasfo uku ya kai a sabunta musu izinin zama, izinin kuwa da aikinsa yake tafiya. Ranar da aikin ya ƙare, zaman ma ya ƙare.

Da aka fara raɗe-raɗin za a sayar da kamfanin, hankalinsa ya tashi. Nasiha saura shekara guda ta gama sakandare, Faransancin da ta zo da shi tana ƙarama duk ya zube, ba makarantar da za ta karɓe ta a gida. Sai ya tafi wajen wata lauya ya tambayi yadda za su sami izinin zama na dindindin.

Lauyar ta duba takardunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Shekarunka sun cika, harajinka babu tangarɗa, abin hannunka ya isa," ta ce. "Saura mutum biyu 'yan ƙasa, masu mutunci, da za su rubuta cewa sun san halinka. Wa kake da shi?"

Shugabansa a ofis baƙo ne. Maƙwabcinsa na dama ɗan Labanan ne, na hagu ko sunansa bai sani ba. Abokan aikinsa 'yan Gana kuwa gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

A gida ya faɗa wa matarsa Ruhaina. Tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba.

"Baban Nasiha, ranar Asabar ka raka ni unguwar Maamobi."

"Cefane zan raka ki ina cikin wannan hali?"

"Kai dai ka zo."

Ya san duk Asabar tana zuwa can, ya ɗauka daddawa da fura take sayowa. Da ranar ta zo suka bar mota kusa da tashar motocin haya na trotro, suka shiga lungu a ƙafa, suna tsallake kwata, suna raɓa masu suyar ƙosai. Tun daga bakin lungun mata ke kiranta. "Anti Ruhaina, sannu da zuwa!" Wata ta miƙo mata jariri ta gani, wata ta ja hannunta tana zuba magana rabi Hausa rabi yaren Twi, Ruhaina na amsawa.

A wani gida mai ɗakuna da yawa, mata masu ciki kusan goma na zaune a benci da katin asibiti a hannu. Ruhaina ungozoma ce a Damagaram. A nan ba ta da izinin aiki, don haka ba ta taɓa kowa. Tana karanta musu abin da aka rubuta a katin, ta fassara, ta gaya musu ranar komawa, wadda ta ga ƙafarta ta kumbura ta matsa mata ta tafi asibiti a ranar. Shekara biyar tana wannan. Saddique ya tsaya jikin bango, kunya ta kama shi.

Mai gidan ita ce Hajiya Barikisu, tsohuwar shugabar makarantar gwamnati da ta yi ritaya. Ta saurari buƙatarsa har ƙarshe, tana kaɗa mafici.

"Matanka na san shi," ta ce da Hausar Zango, wadda ba ta raba mace da namiji. "Ko yanzu ka kawo takarda na Ruhaina, zan sa hannu. Amma kai, Injiniya, yau na fara ganin fuskanka. Me zan rubuta?"

"Hajiya, idan akwai abin da gidan nan ke buƙata, zan iya..."

"A'a. Ba a sayen wannan. Ka riƙa zuwa dai, mu san ka."

Ya fito ransa a ɓace. A kan hanyar fita ne idonsa ya kai kan wayoyin wutar gidan. Sun fito daga mita ɗaya sun rarrabu ɗaki goma sha huɗu, wasu a tuɓe, an naɗe su da leda, ɗaya ta bi ta kan kwanon rufi daidai inda ake shanya. Ya tsaya cak.

"Ruhaina, idan aka yi ruwa, wani zai mutu a gidan nan."

Asabar ta gaba ya dawo da akwatin kayan aikinsa, wanda ya yi shekaru bai buɗe ba. Mutanen gidan suka haɗa kuɗin waya da kansu, Hajiya ta hana shi sa ko sisi. Aikin ya ci Asabar shida. Yana hawa tsani da tsohuwar riga, gumi na zuba, ana miƙo masa koko a kofin roba. Aka daina ce masa Injiniya, aka koma mijin Anti. Ƙanen Hajiya, Alhaji Abdul-Mumin, lauya ne da ya tsufa ya rage aiki, shi ke riƙe masa tsani, suna gardama a kan wace Hausa ce ta gaskiya, ta Damagaram ko ta Zango.

Da aikin ya ƙare bai daina zuwa ba. Maƙwabta suka kira shi ya duba nasu. Aka yi rasuwa a lungun, ya bi gawa har maƙabarta. Aka yi suna, ya zauna a tabarma ya ci waakye, shinkafa da waken Gana, da hannu. Nasiha ma ta fara biyo su, ta sami ƙawaye a islamiyyar bayan gidan. Maganar takarda kuwa bai sake tayar da ita ba, ko da yake tana cinsa, don an riga an sayar da kamfanin, an kuma ba shi wata huɗu ya bar aiki.

Wata Asabar bayan la'asar Hajiya ta kira shi ɗakinta. Alhaji na zaune da tabarau a hanci.

"Ina takardan nan naka?"

"Tana mota, Hajiya."

"Kullum?"

"Kullum."

Ta yi dariya har ta share ido. "To je ka ɗauko."

Ta rubuta shafi guda cur da hannunta, rubutun malaman da, a tsaye reras. Alhaji ya rubuta nasa ya buga hatimi. Saddique sai godiya yake ta maimaitawa.

Lauyar ta shigar da takardun, ta gargaɗe shi cewa babu tabbas, kuma abin na ɗaukar lokaci. Wata huɗun suka cika, aikinsa ya ƙare. Ta samo musu ƙarin wa'adi suna jira. Suka bar gidan Cantonments suka kama wani ƙarami a Alajo, suka sayar da mota ɗaya. Aka kira su ganawa, jami'in ya yi musu tambayoyi kusan awa guda, ya daɗe a kan wasiƙar Hajiya.

A wata na tara, ranar Talata da hantsi, lauyar ta bugo waya. Saddique na kan tsani yana gyaran wuta a wani shagon ɗinki a unguwar Kotobabi. Ya saurara, ya sauko a hankali, ya zauna a matakin ƙarshe. Sannan ya kira Ruhaina.

"An ba mu. Mu uku duka."

Ya ji ta fara hamdala.

"Yanzu sai ki nemi lasisinki na ungozoma," ya ce.

"Na karɓo fom ɗin tun watan jiya," ta ce. "Ka biya ta makaranta ka gaya wa Nasiha da bakinka. Kuma ka taho da kaji, gobe za mu yi girki mu kai Maamobi."