Yakuwar Inna Daso da Famfon Makabarta

Ba noma ne ya kawo Inna Daso garin Greensboro na ƙasar Turawa ba, wankan jego ne. Rakiya matar ɗanta Garzali ce ta haihu, shi kuwa yana karatu a jami'ar da ke gabashin gari. Aka yi arba'in, aka yi shekara, ba mai zancen komawarta. Abin da ya riƙe ta cikin hayyacinta wani fili ne na ƙaramar hukuma a bayan unguwa, inda ake yanka wa tsofaffi ɗan fage su shuka kayan miya. Famfo ɗaya ne a tsakiyarsa. Bayan shingen waya kuma tsohuwar makabarta ce ta waɗanda suka mutu ba dangi, hukuma ta binne su.

Yakuwa ta shuka. Irin daga bayan ɗakin mahaifiyarta ya fito a Dutsin-Ma, a bakin zane ta ƙullo shi. Bara sanyi ya kashe shukar tun ba ta yi 'ya'ya ba. Bana sai ta juye duk abin da ya rage a ƙullin, ko ƙwaya ba ta bari ba.

Akwai wani dattijo baƙar fata, Mista Tate, mai zuwa da motar hukuma ya yanke ciyawa ya duba famfo. Tun ganin farko Inna Daso ta yanke cewa shi ne Sarkin Noman garin. Ganyen farko da ta tsinka shi ta kai wa gaisuwa, ya cire hula ya karɓa da hannu biyu. A wurinta magana ta ƙare, gona ta zauna.

Sai ga bazarar 1981. Rakiya ta zauna kusa da ita tana murza yatsu. Ta ce kuɗin hukuma sun yi kaɗan, manya sun zauna suna ware abin da ya zama dole da wanda ba dole ba. 'Yan kwana-kwana dole, motar asibiti dole, gidan yari dole. Famfon lambu ba dole ba, farkon Yuli za a rufe shi.

"Sarkin Noma ya sani?"

"Inna, shi ma an ce ya zauna gida."

"Ya ci yakuwata sannan ya zauna gida? Ɗauko mayafinki."

Ɗakin taron hukumar sanyi kamar cikin randa. Manyan suna jere a dogon tebur, kowa da kofin ruwa a gabansa, har da ƙanƙara. Da aka ba jama'a dama Inna Daso ta miƙe, Rakiya a gefenta tana tafinta.

"Faɗa musu ba roƙo na zo ba. Na kai gaisuwa, wakilinsu ya karɓa, wanda ya karɓi gaisuwa kuwa ya ɗauki alkawari. Ɓarawo da ke gidan yari za su shayar da shi, ni da ban ɗauki allurar kowa ba a bar ni da ƙishi? Ruwan da ke gaban wancan mai sanƙon ma ya ishi tushe ɗaya, ga shi ko kurɓa bai yi ba."

Rakiya ta yi 'yar gajeruwar magana da Turanci, kanta a ƙasa.

"Ke, duk maganata ce kika dunƙule haka? Har tankiyu na ji. Wa na gode wa?"

Mai sanƙon ya yi murmushi ya dubi agogo. Aka ɗaga hannuwa don ƙuri'a. Ita kuwa idonta ya tafi wani wuri: yakuwa take gani tana tsirowa tsakanin kujeru, jan kara yana hawa ƙafar tebur, ganye yana rufe takardunsu. Sai da Rakiya ta taɓa ta ta gane an gama, famfo ya tafi.

A bakin ƙofa suka tarar da Mista Tate, hula a hannu. Ya yi magana a hankali, Rakiya ta juya. Ya ce shi ba sarkin komai ba ne, ciyawa yake yanka, amma ganyen ya yi daɗi, sai dai tsami. Ya ce kuma famfon makabarta an bar shi cikin na dole, ba wanda ya iya ɗaga hannu a kan matattu. Shingen ma a yage yake ta wajen wani babban itace.

"Ruwansu ne fa, Inna," in ji Rakiya.

"To ai maƙwabta ne. Zan yi sallama."

Haka aka yi. Kullum da hantsi sai ta sunkuya ta yagar wayar da bokiti. "Salamu alaikum masu gida, ni ce." Ba wanda ya taɓa hana ta. Ta cika, ta yi gammo da ɗankwali, ta ɗora a ka. Sauran tsofaffin suka daina zuwa, tumatirinsu ya ƙone a tsaye. Da yake yankan ciyawa ma ba dole ba ne, ciyawa ta tashi har kafaɗa, ta haɗiye ƙarar motoci, filin ya koma daji. Wani lokaci cikin zafin nan takan ji luguden taɓarya ta bayan kaburbura, takan tsaya da bokiti a ka har sai ya yi shiru.

Wuyanta bai iya shayar da fagen duka ba. Ta zaɓi kunya ɗaya ta jikin shinge, sauran ta juya musu baya tana zagin mai sanƙo har suka bushe.

Cikin Oktoba, da rana ta fara gajarta, kunyar ta yi fure, fari mai jan ido. Furen ya zube, zoɓo ya ɗaure, 'ya'ya suka ƙosa a ciki. Ranar da iska ta juya ta tsinke su duka, ta baza a tire a falo, Rakiya tana taya ta ɓarewa.

"Inna, ba za a kai wa hukuma gaisuwar bana ba?" ta ce tana danne dariya.

"Ko ganye ɗaya."

Ta ƙulle irin a bakin zane, ta ware ɗan tafin hannu. Washegari ciyawa ta wayi gari fara fat da sanyi. Inna Daso ta sunkuya ta yagar waya, ta yi sallama, ta tona gindin famfo inda ƙasa ba ta bushewa, ta zuba musu nasu ta rufe da ƙafa.