Mangwaro a Gonar Aro

Gefen baƙar leda ne ya leƙo daga ƙasa a gindin dashen mangwaro na tara. Adawiyya ta tsuguna kamar mai gyara takalmi, ta sa yatsa ta tona kaɗan. Ba a farke ledar ba, da ita aka binne. Ƙasar da ke kai sabuwa ce, ko ɓawo ba ta yi ba.

Kwananta shida ke nan a bayan babur tsakanin Ƙaraye da Rogo, bayanta har ya daina ciwo, sai dai nauyi. Wani asusun zuba jari da ke tallata kansa da kare muhalli shi ya ɗauki nauyin dasa itatuwa dubu biyar a gonakin yankin. Masu jarin suka nemi a tabbatar musu, kamfanin da take wa aiki ya turo ta ta duba, ta ɗauki hotuna. Sharaɗin a rubuce yake: in waɗanda suka kama ƙasa ba su kai rabi ba, za a rufe wurin rainon dashe na Tudun Kaya, a kwance solar da ke jawo ruwa. A wannan famfon matan unguwa uku ke ɗiba.

Malam Barau, dattijon da ke kula da wurin rainon, yana tsaye daga gefe, hannuwansa a baya. Adawiyya ta miƙe ta juyo wajensa. A reshen dashen akwai jan zare, kuma tana da hotonsa a waya.

"Baba, wannan ai jiya na gan shi a Fulatan."

"Allah ya ƙara wa idonki lafiya, 'yata."

Bai musa ba. Ya ce yawancin waɗanda suka ba da suna don a dasa musu itatuwa gonar aro suke nomawa, masu gonakin suna Kano. Ba a dasa itace a gonar aro. Ranar da ka dasa, mai gona zai ce gadon ubansa kake shirin ci, kafin damina ya karɓe abinsa. Waɗanda ke noma gonar kansu kuma sun ce ba sa son inuwa a kan masara. Ya ce ya faɗa wa mutanen asusun da suka fara zuwa, suka gyaɗa kai, amma takardarsu ba ta da gurbin wannan magana. Shi ya sa in an ji baƙo zai zo, ake loda dashen a amalanke, a binne, a ɗauki hoto, a mayar masa. Safe da yamma yake ba su ruwa, ko ɗaya bai mutu ba.

"To me za ki rubuta?"

"Abin da na gani, Baba. Zan sa dalilin ma, duka."

"Za su karanta?"

Ta tuna rahotanninta na baya. Lamba ce ke hawa shafin farko, dalili kuwa yana can shafi na talatin. Ta sunkuyar da kai, ta ce ba ta sani ba.

Malam Barau ya duƙa ya tone dashen a hankali, ya kakkaɓe ƙasar da ke jikin ledar. Ya rungume shi a ƙirji, ya bi ta kan iyakar gona ya nufi wajen famfo.