Faifai a Firizar Ummulkhairi

Duk Kura an san Malam Baballe da abu biyu: noman shinkafa da ƙin hoto. Har ya koma ga Mahaliccinsa, babu mai hoton da ya ci sisinsa. Sau ɗaya ɗansa Taufiq ya shammace shi a gona, ya ɗauke shi da kyamarar bidiyo ta aro, ya zuba a kwamfutar shagonsa. Ummulkhairi, matar marigayin, ta san da zancen, amma kunya ta hana ta cewa a nuna mata. Sai da shekara ta zagayo, ta wayi gari tana laluben fuskar mijinta a zuciya tana kufce mata, sannan tsoro ya kama ta.

Ranar da ta daure ta tambaya, sai ta ga jikin Taufiq ya yi sanyi. Ashe faifan da kwamfutar ke ajiye komai a ciki ya lalace, in an kunna sai ƙas-ƙas kawai yake yi.

"Inna, wani mai gyara a Kano ya ba ni dabara," in ji shi. "A ɗaure shi tamau a leda ya kwana a firiza. Wai sanyi yakan farfaɗo da shi na ɗan lokaci, a yi maza a kwashe abin da ke ciki."

"A firizar da nake neman abinci da ita? Ƙarfe ne ko kifi?"

Ta dai karɓa. Da ƙanƙara da zoɓo take sana'a, ta cusa shi a tsakiyar ƙulle-ƙullenta, ta yi bismilla ta rufe.

To, mai sana'a hannunsa ya fi kansa sauri. Da safe Sammani maƙwabcinsu ya zo sayen ƙanƙara don masu yi masa dashe, yana ta azalzala wai rana na yi. Ummulkhairi ta yi ta kwasa tana jefa masa a kula, ba ta ko dubawa. Sai da Taufiq ya zo suka kwashe firiza har ƙasa, babu faifai babu dalilinsa.

"Na shiga uku! Na sayar da Malam!"

Ita da ko gidan biki sai an yi da gaske take zuwa, ranar sai ga ta a bayan babur, hijabi na tashi, suna bin gefen kwatar ruwa ta hanyar Bunkure, tana dukan kafaɗar ɗanta wai ba ya gudu. Suka tarar da Sammani a gonarsa, a kan kunya, ya ɗaga ledar yana jujjuya ta.

"Inna, ni na ɗauka gyara kika yi mini. Tun ɗazu nake neman ta inda ake shan ta!"

Masu dashe suka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Allah ya taimaka abin da sauran sanyinsa. Aka mai da shi cikin ƙanƙara, da kular Sammani da komai suka yi shago.

Taufiq ya tayar da janareta, ya goge faifan, ya haɗa wayoyi. Ƙas. Ƙas. Can sai abin ya ɗauki wani siririn kuka, Taufiq ya yi kabbara, ya shiga kwashewa zuwa wani sabo. Da ƙyar bidiyon ya haye, tsohon faifan ya yi shirun da bai sake tashi ba.

"Ga shi, Inna."

Ga Malam nan a gindin mangwaro, laka har gwiwa. Ga wushiryarsa, ga kunnen nan da hula ke danne masa. Komai ya dawo mata lokaci guda. Bai san ana ɗaukarsa ba. Ya jawo kwanon dambun da ta aika masa, ya buɗe, ya sunkuya ya shinshina, ya lumshe ido, sannan ya yi wani murmushi har yana kaɗa kai.

Duk zamansu a zaure yake cin abinci, kwano kawai ke dawo mata. Ba ta taɓa ganin fuskarsa a kan girkinta ba.

Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Tana dariya, hawaye na zuba, ta matsa kusa da gilashin.

"Kai, Malam! Ashe haka kake yi?"