Sararin da Ɗan'auta Ya Ɗaura

"Ƙara wuta!" in ji Ɗan'auta daga kan tsani, yana riƙe da bakin tiyo da hannu biyu.

Abdulmutallib ya murɗa injin ban-ruwa, tiyo ya yi tsalle, ruwa ya ci gaba da kwarara bisa shuɗin tamfol ɗin da suka ɗaure tun da sassafe a ƙarƙashin rumfar majami'ar Tsibiri. Tano biyu, wato manyan duro na ruwa, sun riga sun ƙare, wannan na uku ne.

"Ɗan'auta, abin nan fa ya fara ciki," in ji Abdulmutallib.

"Haka aka yi shi."

"To. Ka dai gode Allah, sama ɗaya aka sa ka. Mu a wajenmu sammai bakwai ne, da yau ka kashe mu."

A faɗi gaskiya, ba wanda ya sa shi wannan aikin. Abin da Fasto Labo ya ce masa kawai shi ne, ran bikin godiyar kaka zumuntar mata za su yi wasan kwana shida na halittar duniya, ya taimaka ya ɗaura musu shuɗin ƙyalle ya zama sararin sama. Ƙyalle fa! Amma Barnaba, wanda duk Jiratawa ba mai kiransa sai da Ɗan'auta ko da yake gemunsa ya yi fari fat, ba mutumin da ake ba rabin aiki ba ne. Shekara talatin yana noman zogale da tumatir a fadamar Jiratawa, shekara arba'in yana karanta Littafi Mai Tsarki, kuma duka biyun hanya ɗaya yake bi da su: abin da aka ce, shi ne. An ce a rana ta biyu Allah ya yi sarari ya raba ruwan ƙasa da ruwan da ke bisa. To ina ruwan bisan a jikin ƙyalle? Shi ya sa ya ɗoro injinsa a moto mai ƙafa uku na Abdulmutallib, maƙwabcinsa na gona, suka ratso Maraɗi suka zo.

Wannan shi ne dalilin da ya gaya wa Fasto. Dalilin gaskiya kuwa Rifkatu ce.

Rifkatu 'yarsa ce tilo, tana karatun ƙasa da ruwa a jami'a cikin Maraɗi. Wata huɗu da suka wuce, ana cikin cin tuwo, ta ce ai bisa sama ba wani ruwa a ajiye, gajimare ne daga tururin teku, bayansa kuma sai fili wanda ba iyaka. Ya ce wanda ya ƙi rana ta biyu ya ƙi sauran biyar ɗin. Ta ce ba haka take nufi ba. Ya ce haka take nufi. Kafin miya ta huce ya riga ya faɗa mata kada ta sake taka masa gida sai ran da ta yarda. Ita kuwa jininsa ce, ta wanke hannu ta ɗauki jakarta ta koma gidan goggonta a Maraɗi. Tun ran nan tuwo ba ya yi masa daɗi, matarsa Atika kuma ba ta ce masa komai sai "ga abinci" da "sai da safe". Kewar yarinyar nan ta ishe shi, amma namiji ya yi magana, yaya za a yi? Da ya ji Atika ta lallashe ta za ta zo kallon wasa, sai dabara ta faɗo masa. In ta ga ruwa tsaye bisa sarari da idonta, ai sai ta ce "ashe", shi kuma ya ce "to wuce mu je gida". Shi ke nan, ba wanda ya ji kunya.

Fasto Labo ya iso yana gyara kwat, ya ɗaga kai, ya daɗe bai sauke ba.

"Baba Ɗan'auta, mene ne wannan?"

"Rana ta biyu, Fasto."

"Ruwa ne a ciki?"

"Ba haka aka rubuta ba?"

Fasto da kansa ya yi wa'azi uku a jere bara cewa ba a ƙara wa nassi, ba a rage masa. Yanzu ga nassin nan ya yi ciki a bisa kansa yana ɗiga, yaya zai ce a rage? Abin da ya iya kawai shi ne ya sa aka ja kujerarsa can gefe.

Ƙarfe goma wuri ya cika. Mutanen Tsibiri, na Maraɗi, na Jiratawa, kowa ya kawo abin godiyarsa an jibge a bayan rumfa: damman hatsi, kwandunan tumatir, albasa, kabewa, da wani zakara ɗaure da igiya. Dattawa suka zauna a benci na gaba. Abdulmutallib ya samu inuwar dalbejiya ya zauna da carbinsa, ya ce shi ba ya shiga, amma kuma ba inda za shi sai ya ga ƙarshen abin nan.

Ɗan'auta na tsaye a bayan rumfa kusa da injinsa, idonsa na kan ƙofa. Sai ga kabu-kabu ya tsaya, Rifkatu ta sauko. Ta rame, ko idonsa ne? Ta wuce ta zauna can baya cikin 'yan mata, ko kallon wajensa ba ta yi ba.

Aka buga ganga, mata suka fara. Rana ta fari ta wuce lafiya, wata mace ta kunna tocila aka yi tafi. Da mai ba da labari ta kai rana ta biyu, Ɗan'auta ya ja wata 'yar igiya da ya tanada, wasu ƙananan huji da ya toshe da ƙyalle suka buɗe, yayyafi ya sauko siriri gwanin kyau. Kai, majami'a ta ɗauka! Mata suka yi guɗa, wani tsoho ya miƙe yana ɗaga hannu sama. Ɗan'auta ya ji kansa ya yi girma. Ya saci kallon Rifkatu, ya ga ta miƙe tsaye, bakinta a buɗe, tana kallon tamfol. Alhamdu lillahi, ya ce a ransa, ta gani.

Ta gani kam. Rana ta uku na tafiya, mata na ta fitowa da rassan zogale a ka su ne itatuwa, sai ga ta ta zagayo ta bayan jama'a tana sauri har zanenta na kaɗawa.

"Baba, tano nawa ka zuba?"

Wata huɗu bai ji muryar nan ba. Ya so ya ɗaure fuska, abin ya ƙi.

"Uku. Kin ga ruwa bisa sarari ko ba ki gani ba?"

"Uku! Baba, buhun hatsi shida ke nan ka rataye bisa kan mutane. Dubi ginshiƙin can."

Ya duba. Ginshiƙin dama ya ɗan karkata, ƙasar gindinsa ta tsage. Shi ma da ya kafa shi ɗazu a miƙe yake.

"Zai riƙe. Saura kwana uku kawai."

"Ba zai kai ba."

"Ke dai ki ce kin gani."

"Na ga tamfol, Baba! Na ga igiyar da kake ɗaure jakinka da ita!"

Ganga ta sake kaɗawa, rana ta huɗu ta shigo. Matar Fasto ta fito da babban faranti mai ruwan ɗorawa a ka, ita ce rana. Bayanta sai ga wata, wato Atika, da farin tiren silba, tana taku ɗai-ɗai tana murmushin da ya manta rabonsa da gani. An koya musu cewa a cikin sarari aka sa fitilun nan biyu, saboda haka ba su tsaya ko'ina ba sai daidai ƙarƙashin cikin tamfol, inda ya fi saukowa. Tiren Atika har yana gogarsa. Ginshiƙi ya yi wani ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Inna ce fa a ƙasa," in ji Rifkatu.

Ɗan'auta ya dubi sararinsa. Walle ya yi kyau, duk rayuwarsa bai taɓa yin abin da aka yi wa guɗa haka ba. Ya dubi matarsa. Shi mai ban-ruwa ne, ya san ruwa ba ya jin roƙo, inda aka buɗe masa nan yake bi. In tamfol ya faɗi da kansa, gaba zai faɗi, kan mutane. Ya zaro wuƙar yankan zogale daga aljihu.

"Matsa can."

Ya hau tsani taki uku, ya yanke igiyar baya.

Wayyo! Tano uku suka sauko masa a ka lokaci ɗaya, suka kwashe shi da tsanin suka maka a kan kabewa. Ruwa ya bi ta kan kayan godiya ya kutsa cikin rumfa, tumatir na gaba, albasa na biye, takalman dattawa suka bi sahu. Zakara ya tsinke igiya ya haye kan bencin mawaƙa. Rana ta jefar da farantinta ta ruga, wata kuwa ya tsaya cik da tire a ka, ruwa har idon sawu. Matan da aka yi wa shigar kifi suna jiran rana ta biyar suka fito da gudu ba a kira su ba. Wadda za ta yi Adamu ta zame ta zauna daɓas cikin taɓo tun ba a halicce ta ba.

Dattijo Nomau, wanda kunnensa ya yi nauyi kuma gyangyaɗi ya ɗauke shi tun rana ta uku, ya farka ya ga ƙafafunsa cikin ruwa da tumatir. Ya taɓa na kusa da shi ya tambaya da ƙarfi, "Har an kai wajen Nuhu? Ban ga Adamu ba!"

Nan fa dariya ta ɓarke, har Fasto sai da ya juya baya kafaɗunsa na girgiza. Daga gindin dalbejiya ana jiyo Abdulmutallib yana salati yana tari.

Ba wanda ya ji ciwo sai kabewa biyu. Aka share ruwa, aka tsinto takalma, mata suka ƙarasa kwana biyun da suka rage ba sarari a kansu. Ɗan'auta bai ga wannan ba. Yana bayan majami'a zaune kan tanon da aka kife, rigarsa ta manne masa a jiki, 'ya'yan kabewa a gemu. Kunya ta hana shi ɗaga kai. Ya ga ƙafafu sun tsaya a gabansa, ya san su. Rifkatu ta durƙusa ta ɗauki hularsa daga taɓo, ta ɗauraye ta da sauran ruwan tiyo, ta matse, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Sannu, Baba."

"Nawa ne ya faɗi," in ji shi, bai dube ta ba. "Na Allah yana nan, tun ran da ya ɗaura shi ko ɗiga bai yi ba sai da izininsa."

Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Allah ya yi duniya, ban taɓa shakka ba. Amma ruwan can, har yanzu ban yarda yana nan yadda kake cewa ba."

Ya murza hular a hannunsa. Da ta yi masa ƙaryar ma da ya karɓa, da gudu kuwa. Amma wa ya koya mata kada ta yi? Ya daɗe yana kallon tururuwa suna zagaye wani fasasshen tumatir.

"Maganar da na yi miki ran nan," ya ce a hankali, "na duba ko'ina, ba ta cikin Littafi. Tawa ce."

Rifkatu ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

Da azahar suka loda inji da tiyo a moton Abdulmutallib. Atika ta zauna a gefe da tirenta a cinya, tana yi wa mijinta wani kallo tana kawar da kai don kada dariya ta kama ta. Rifkatu ta haye kan naɗaɗɗen tamfol, ta ce a sauke ta a Maraɗi ta wajen gidan goggo. Ba su yi nisa daga Tsibiri ba Ɗan'auta ya ce shi dai abin da ba za ta taɓa gamsar da shi ba shi ne wai wata ba shi da haske nasa na kansa, alhali an ce fitila ne. Ta ce ai aro yake daga rana. Ya ce aro a wajen wa, da wane shaida? Ta ce a ba ta madubi ta nuna masa. Ya ce yau dai an gama nune-nune.

Da suka shigo gari suka kai kwanar gidan goggo, Abdulmutallib ya rage gudu, ya waiwayo. Uba da 'ya na ta musu, kowa na nuna sama da yatsa. Atika ta dube shi, ta ɗan girgiza masa kai. Ya ƙara wuta, ya miƙi hanyar Jiratawa.