Baƙon da Na Mayar Daga Kan Rufi

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari mai kama da unguwarmu, sai dai a can mutane suna wanke inuwarsu su shanya a igiya, kuma zafi mutum ne. Kowane gida da nasa. Da hantsi yakan sauko ta kwanon rufi, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma ya wuni.

Namu ƙato ne mai jar riga. Ya fi son zama kusa da jaririyarmu, har wuyanta ya cika da ƙuraje. Matata Hansai ta dube ni, sai ga ni a kasuwar 'yan kwano.

Mai shagon kuwa ƙadangare ne. Ya warware mini wata takarda mai sheƙi kamar cikin ledar madara.

"Akwai mai sheƙi gefe ɗaya, akwai mai gefe biyu," in ji shi.

"Mai biyun ta fi?"

Ya gyaɗa kai.

"Ko mai ɗayan?"

Ya sake gyaɗawa. Na ɗauki mai biyu.

"Ka buga ta a katako, ƙarƙashin kwano," ya ce. "Kada ta taɓa kwanon, bar wa iska hanya. Zafi in ya leƙo ya ga fuskarsa, sai ya juya."

"Ya tafi ina?"

"Alhaji, ni takarda nake sayarwa."

Na buga ta da kyau, ban bar ko kafar allura ba. Da hantsi muka ji takunsa a kan rufi. Ya yi sallama. Hansai ta buɗe baki za ta amsa, na girgiza mata kai. Ya sake yi, ya jira, sannan takun ya yi nisa. Ɗakin ya yi sanyi kamar gindin randa, yarinya ta yi barci da baki a buɗe.

Sai na tsinci kaina ina leƙe ta katanga. Maƙwabciyarmu Gwaggo Tasalla, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, tana da baƙi biyu a tabarma ɗaya, nata da nawa. Tana yi musu fifita, ita kuwa tana narkewa a hankali kamar man shanu, har zanenta ya yi mata yawa.

"Gwaggo, wannan ai namu ne."

"Na sani, Ilu. Ya ce ya yi sallama bai ji kowa ba. Na ce masa wataƙila kun yi tafiya."

Mai jar rigar ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da shan ruwanta. Da ma zagina ya yi.

"Akwai ragowar takarda," na ce. "Bari in buga miki."

"Su tafi su biyu gidan gaba? Can ma akwai mai jego. Je ka, ɗan nan, ka gaishe da Hansai."

Ga ni kuma a cikin rufi, a durƙushe, riƙe da wuƙa. Duk inda na juya fuskata ce a jikin takardar, ban sami inda zan ajiye idona ba. Na ɗora bakin wuƙar a kan takardar.

Daga ƙasa Hansai ta yi raɗa: "Malam, ta samu barci fa."

Daga bayan katanga kuma muryar tsohuwar, ta ƙanƙance kamar ta sauro: "Bar shi, Ilu. Ni na saba."

Na tambayi kaina ko uba yana da laifi in ya kare 'yarsa. Na sami amsa, mai kyau ma, irin wadda zan iya faɗa a majalisa kowa ya yarda. Amma na kasa juyawa wajen katangar in faɗe ta. Hannuna bai yanka ba, bai kuma saki wuƙar ba.

A haka mai ruwa ya buga ƙofa ya tashe ni, yana tambaya jarka nawa za a zuba.