Dutsen da Velaphi Ya Lasa

Laifin Velaphi shi ne taɓa abin da ba nasa kaɗai ba, yana kiran hakan ilimi.

Ɗan ƙanena ne. Ya yi shekara tara yana karatu a birnin Thekwini, ya dawo da 'yar guduma da gilashin ƙara gani. Na tambaye shi sana'arsa, ya ce karanta duwatsu yake yi: ya fasa, ya lasa, ya duba, ya faɗi shekarun tudu da ruwan da ya yanka kwari. Na ce to sannu, malam mai lasar ƙasa.

A wuyan tudun da ake gangarowa garinmu akwai tsibin duwatsu. Duk mai fita tafiya yakan tofa yawu a kan dutse ya ɗora, don hanya ta dawo da shi. Velaphi ya san haka tun yana goye. Amma ya ce tsibin ya hutar da shi yawo, tunda an tara masa dutsen kowane kwari wuri ɗaya. Na hana shi.

"Baffa, ai dutse ba ya riƙe yawu," in ji shi, yana dariya.

Da rana tsaka ya hau. Ya zaɓi wani ja mai ɗigon fari, ya fasa shi biyu, ya kai harshe. Daga baya ya gaya mini a waya cewa cikin dutsen a jiƙe yake, da ɗuminsa. Ashe dutsen nan ne da uwarsa MaShezi ta tsinto masa a rafi ranar tafiyarsa, shi da bakinsa ya tofa masa yawu ya ɗora. Ya manta.

Ya kamo hanyar gida, ya yi ta tafiya, sai ga shi a gaban tsibin. Sau huɗu. Muna ƙasa muna hangen farar rigarsa tana kewaye, muna kira, mata na buga tukwane. Shi ciyawa kawai yake gani inda garin yake. Na hau da kaina na riƙo hannunsa gam. Da na iso bakin rafi, gudumar ce a hannuna.

Hanyar birni kuwa ta buɗe masa sarai.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya liƙa dutsen da danƙo, ya ɗora sabo sau shida, bai yi ba. An binne uwarsa ba shi. Shanun ubansa takwas suna garken wani. Ɗakinsa ya zube. 'Ya'yansa biyu suna zuwa mana hutu, shi a wuyan tudu yake miƙa musu jakunkunansu.