Jan Ƙyalle a Inji na Uku

Shekara goma sha shida Inna Mai Ƙwai ta yi tana kula da injunan ƙyanƙyasa a gidan gonar da nake wankin tiren ƙwai. Ba ta iya karatu ba, kuma ta ɓoye hakan kamar ciwon ciki. Amma in ta kara kunne a jikin inji, za ta gaya maka fankarsa ta gaji tun kafin ta tsaya. Dabararta ɗaya ce: injin da ya samu matsala sai ta ɗaura masa jan ƙyalle a mariƙin ƙofa, tsohon makanikinmu yana gani ya taho da sufanarsa.

Da tsohon ya ajiye aiki aka kawo wani matashi. Injiniya muke ce masa, don shi ya ce a ce masa haka. A gonar da ya baro, jan ƙyalle na nufin akwai ƙwai a ciki, kada wanda ya kuskura ya buɗe. Ni ya gaya wa da bakinsa ranar da ya zo, yana neman hira ina dirzar tire.

Ran nan Inna ta ɗaura wa inji na uku ƙyalle, ta tare shi a ƙofa.

"Ɗan nan, ka ga na uku? Na ɗaura masa."

"Na gani, Inna. Hankalinki kwance."

Kwana biyu shiru, ta sake tare shi.

"Har yau ba ka taɓa shi ba."

"Ko kusa da shi ba zan je ba. Na san aikina."

"Kai ba ka ji kukansa ya canza ba?"

Ya leƙa lambobin da ke jikin ƙofar, ya taɓe baki. "Zafinsa daidai yake. Inji ba jariri ba ne da za a saurari kukansa. In kina da ƙorafi ki cike fom."

Ita ta ɗauka raini ne, shi ya ɗauka tsohuwa na gwada shi ne. Ni ina durƙushe a bakin famfo, na ji komai, na kuma san inda gizo ke saƙar. Kalma biyar ta isa ta raba gardamar.

Da rana ta same ni, ta rage murya. "'Yar nan, ke kin yi boko. Ki gaya masa yadda zai gane, fankar ciki ce ke mutuwa."

Na ce, "To, Inna."

Ban gaya masa ba. Shekara shida ina wanke kashin kaji da takardar sakandare a ƙasan akwati, matar da ko sunanta ba ta ganewa a rubuce tana zaune a kujera a kaina. Haushinta nake ji, ba tun yau ba.

Ranar ƙyanƙyasa kowane inji ya cika da kukan 'yan tsaki, na uku tsit. Da aka buɗe, wari ya kore mu har waje. Ƙwai dubu huɗu sun zama baragurbi.

Manaja ya tara mu gaba ɗaya. Injiniya ya rantse babu wanda ya kawo masa rahoto. Inna ta ce, "Yallaɓai, ga ƙyallen nan, kwana goma yana rataye."

"Tsumma ne rahoto?" in ji Manaja. Ya zaro fom ya miƙa mata. "Karanta mana layin farko."

Ta riƙe takardar a juye. Wani direba ya fara tuntsirewa da dariya, saura suka bi. Manaja bai karɓe ba, ya bar ta tsaye da ita har dariyar ta mutu don kanta. Ta ɗago ta dube ni, ni kuwa na dubi takalmina.

Nan take ya sallame ta, ya ce daga gobe ni ce a kujerar, tunda na iya cike fom.

Inna ba ta roƙi kowa ba. Ta je ta kwance ƙyallenta, ashe gefen tsohon ɗankwalinta ne ta yaga. Ta tako har gabana, ta kama hannuna a hankali kamar za ta yi min sallama, ta ɗaure min shi a wuyan hannu, ƙulli biyu.

Injiniya ya yi murmushi, ya ce, "Kin gani, ta ce kada kowa ya taɓa ki."

Ni dai na san abin da jan ƙyalle ke nufi a wurin Inna.